Surukar Mama Jacinta Soja Ce

Tun ranar Laraba Justin ya gaya wa mahaifiyarsa zai kawo baƙuwa ranar Asabar, kuma tun daga ranar Mama Jacinta ba ta zauna ba. Ta wanke labulen falo, ta sa an yanka zakara, ta dafa gwaten acca da yakuwa har maƙwabta suna leƙe. Shekarun ɗan nata ashirin da tara, malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Kafanchan, amma bai taɓa kawo mace gida ba. Matan zumunta har sun fara yi mata tsiya a coci.

Mijinta Baba Dickson, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana kishingiɗe a gindin mangwaro da rediyonsa a kan ciki.

"Jacinta, ki zauna mana! Gwamna ne zai zo?"

"Ka bar ni, Baban Justin. Gwamna ya taɓa ba ni jika?"

Ba ta rufe baki ba babur ya tsaya a ƙofar gida. Justin ya shigo yana murmushi, bayansa wata doguwar yarinya baƙa, cikin atamfa ruwan ganye, tana tafiya a miƙe kamar an ja ta da zare. Ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da gida, Mama. Sannu da hutawa, Baba."

"Mama, wannan ita ce Tamar," in ji Justin. "'Yar Kagoro ce."

Kafin a kawo mata ruwa, Tamar ta hango tulin ɗanyar citta da Mama ke tsagawa don shanya. Ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta ɗauki wuƙa, ta kama aiki. Hannunta na gudu kamar keken ɗinki. Mama ta dubi Baba, Baba ya dubi Mama, kowa ya haɗiye dariyar jin daɗi.

"Kai, yarinyan nan ta iya! Wa ya koya miki?"

"Babana manomin citta ne, Mama. A cikinta muka girma."

"Madalla! To wane aiki kike yi yanzu?"

"Nas ce ni."

"Yesu na gode! Nas! A wane asibiti?"

Tamar ta ɗan saci kallon Justin, sannan ta ce, "Na soja, Mama. Ni soja ce. Kofur."

Wuƙar hannun Mama ta faɗi cikin citta. Baba Dickson ya kashe rediyonsa a hankali.

"Soja?" Muryar Mama ta koma ƙasa. "Mai kaki? Mai bindiga?"

"Ina riƙe bindiga, Mama, amma aikina ɗaure rauni ne."

Mama Jacinta ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta sake fitowa ba. Zakaran nan da gwaten nan, Baba ne ya daure ya ci tare da baƙuwa, yana ta jan hirar jirgin ƙasa don a rufe kunya.

Da Justin ya kai Tamar tasha ya dawo, ya sami mahaifiyarsa a bakin gado, idanunta jajur.

"Mama, me ta yi miki? Kin kunyata ni fa!"

"Ba ta yi mini komai ba. Yarinya ce mai tarbiyya, na gani da idona. Amma ka ji ni da kyau, Justin. Ka kawo mini wadda ba ta je makaranta ba, zan karɓa. Ka kawo wadda ba ta iya dafa ruwan zafi ba, zan koya mata. Soja kam — a'a! Ko ta ajiye kaki, ko ku yi aurenku ba da ni ba."

"To me soja suka yi miki?"

"Kar ka tambaye ni!" Ta fashe da kuka. "Ka fita mini!"

Ya fito ya tsaya gaban mahaifinsa. Baba Dickson ya daɗe yana murɗa eriyar rediyo kafin ya ce, "Akwai maganar da ba a bakina za ka ji ta ba. Na yi wa mamanka alkawari tun kafin a haife ka."

Wannan maganar ita ta hana Justin sukuni. Shi mutum ne da in lissafi ya ƙi fita, ba ya iya cin abinci sai ya gano inda kuskuren yake. Ya fara tuno abubuwan da ya saba gani tun yana yaro bai taɓa sa su a ma'auni ba. In an nuna sojoji a talabijin, Mama kan tashi ta ce za ta duba tukunya. Ranar Lahadin da ake addu'ar tunawa da 'yan mazan jiya a watan Janairu, kullum ciwon kai ke kama ta, ita da ko zazzaɓi ba ya hana ta zuwa sujada a coci. Sannan ga Inna Rabi'a: wata dattijuwa Bahaushiya, Musulma, da ke zuwa daga Zangon Kataf duk shekara ana saura mako guda Kirsimeti, da kaji biyu da ƙullin dakuwa. Sukan shiga ɗaki da Mama su yi awa guda, ba a jin hira, ba a jin dariya, sai ta fito ta tafi. Da yana yaro ya tambaya, Mama ta ce abokiyar kasuwa ce. To amma yaushe Mama ta taɓa cin kasuwar Zango?

Bai sami amsa ba, sai ya ɗauki hanyar da ya ga ta fi sauƙi. Ranar Litinin bayan an tashi makaranta ya hau babur zuwa Kagoro, inda Tamar ke hutu a gidan iyayenta. Suka zauna a kan wani falalen dutse bayan gida, tsaunin Kagoro ya yi musu rumfa.

"Tamar, da takardar nas ɗinki ko'ina za a ɗauke ki aiki. Ga asibitin mishan, ga na gwamnati. Me zai hana ki ajiye kakin nan?"

"Abeg, Justin, kar ka fara."

"Ni dai ina so in sani ne. Mace kamar ki, me ya kai ki soja tun farko? Kullum in na tambaya sai ki ce dogon labari ne."

Ta tsinki ciyawa tana murzawa. "Ka tuna rikicin da aka yi a Kafanchan muna yara? Ina da shekara goma sha huɗu, ina gidan antina a cikin gari. Muna gudu, kwalba ta tsaga mini ƙafa, jini kamar famfo. Kowa ya wuce ni, har waɗanda muke coci ɗaya. Wani soja ne ya tsaya. Bai tambayi sunana ba, bai tambayi addinina ba. Ya yage hannun rigarsa ya ɗaure ƙafar, ya goya ni har inda motarsu take. Har yau ban san ko shi waye ba. A bayansa na ce wa Allah, in na rayu, ni ma wannan aikin zan yi."

Justin ya ce, "To ai kin yi. Shekara biyar! Bai isa ba?"

"Kai in ka koyar shekara biyar sai ka ce yaran sun ishe ka?" Idonta ya ciko. "Kuma bari in gaya maka, an yi mini fostin. Bayan sabuwar shekara za mu tafi arewa maso gabas. Wata shida, ko fiye."

"Kin gani! Kin ga abin da Mama ke tsoro!"

"Na gani. Shi ya sa ba zan shiga gidan da uwa ke kuka saboda ni ba. Kuma ba zan ajiye kaki ba. Ni zan iya jira, Justin, an koya mana jira. Kai ne ban sani ba."

Ya tashi cikin fushi ya buga babur, bai ko yi wa iyayenta sallama ba. Bai kai Kafanchan ba kunya ta kama shi, ya tsaya a gefen hanya ya aika mata saƙo: "Ki yafe ni. Zan jira." Ta amsa da kalma ɗaya: "Toh."

Ana saura mako guda Kirsimeti, sai ga Inna Rabi'a da kajinta. Wannan karon Justin ya zauna a zaure yana jira. Da ta fito ya ce, "Inna, kawo jakar, in kai ki tasha."

A tasha, kafin mota ta cika, ya durƙusa kusa da ita.

"Inna, don Allah, mece ce tsakaninki da Mama?"

Dattijuwar ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Ikon Allah. Har goshin irin nasa ne."

"Na wa?"

"Ɗan nan, ni 'yar aike ce. In kana son magana, ka zo Zango ka tambayi gidan Malam Hashimu mai gyaran rediyo. Shekara talatin da uku yana jiran wani daga gidanku ya yi masa wannan tambayar."

Washegari da safe Justin ya kama hanya. Ya wuce Zonkwa, ya isa Zangon Kataf kafin azahar. Ya sami Malam Hashimu a wata 'yar rumfa, tsoho mai farin gemu, kewaye da matattun rediyoyi. Ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe take daga gwiwa, an soke ta da fil. Da Justin ya faɗi ko shi ɗan waye, tsohon ya ajiye sukundireba, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Ka san kana da kawu mai suna Gershon?"

"An ce mini Mama tana da ɗan'uwa da ya rasu a Legas, wai ciwo ya yi."

"Ba ciwo ba ne, kuma ba Legas ba ne. Kuma ba ɗan'uwa kawai ba, tagwai ne shi da mahaifiyarka. Tare aka ɗauke mu soja, tare aka kai mu Laberiya aikin kwantar da tarzoma. Gadonsa na kusa da nawa. In azumi ya zo, shi ke karɓar mini gadin rana, in Lahadi ta zo ni ke karɓar masa. Mutum ne mai surutu, ga son waƙar coci, murya kuwa kamar ta kwaɗo!"

Tsohon ya yi dariya, sannan ya ci gaba.

"Wata safiya aka yi mana kwanton ɓauna a bakin wata gada. Harsashi ya farfasa mini ƙafa. Aka ba da umarni a ja da baya, kowa ya ja. Ina kwance ina kalmar shahada, sai na ji an ɗaga ni. Gershon ne. Ya saɓa ni a kafaɗa yana gudu yana cewa, 'Hashimu, kai da ba ka cin naman alade, ina ka samo wannan nauyi?' Ya jefa ni cikin mota. Ya tsira fa, ɗana, ƙafarsa ɗaya na cikin mota! Sai ya ji wani yaron Binuwai yana ihu a baya. Ya sauka ya koma. Yaron ya rayu, wasu suka ƙarasa jawo shi. Gershon ne bai dawo ba. A can aka binne shi."

Justin ya ce, "To me ya sa Mama ta ɓoye mana? Ai wannan abin alfahari ne!"

"Saboda ranar da zai tafi, sun rabu da faɗa. Ita ba ta so ya shiga soja ba tun farko. Ya je yi mata sallama, ta ce masa, 'In ka hau jirgin nan, ba ni da ɗan'uwa.' Ta ƙi zuwa tashar jirgi. Babanka yana aiki a tashar a ranar, shi ya ga Gershon yana ta leƙe ta taga har jirgi ya tashi. Da na dawo da ƙafa ɗaya na je gidanku, ta ce kar in shigo. Ban ga laifinta ba. In ta dube ni, abin da aka musanya da ɗan'uwanta take gani. Shi ya sa nake aika matata Rabi'a. Mahaifiyarka ta yarda ta karɓe ta, da sharaɗin ba za a ambaci sunan Gershon ba."

Ya share ido da bakin hularsa.

"Akwai saƙon da na kasa isarwa. Gershon bai riƙe ta ba ko kaɗan. Da bakinsa ya ba ni labarin faɗan, yana dariya. Ya ce, 'Jacinta ce fa, tun a ciki take harbi na. In na koma da atamfa turmi biyu za ta huce.' Ka gaya mata haka, ko na sauke kayan nan kafin in mutu."

Justin bai yi gaggawa ba. Ya bari aka gama hidimar Kirsimeti, sannan wata safiya da Mama ke tankaɗen gari ya zauna kusa da ita.

"Mama, na je Zango. Na ga Malam Hashimu."

Rariyar ta tsaya. Ya ba ta labarin duka, har maganar atamfa turmi biyu. Mama ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da bai taɓa jin ta yi ba, tana kiran "Gershon! Gershon!" Baba Dickson ya taso daga gindin mangwaro ya dafa kafaɗarta.

Justin ya ɗauka shi ke nan, magana ta ƙare. Amma da ta share hawaye sai ta ce, "Yanzu ka san dalili. To ka gane. Na binne soja ɗaya a zuciyata ba tare da na ga gawa ba. Ba zan iya sau biyu ba, Justin. Kar ka sa ni."

"Ba zan sa ki ba, Mama. Ba zan yi aure ba da ke ba. Amma ba zan auri wata ba."

Tamar ta tafi a mako na biyu na Janairu. Justin ya ci gaba da koyarwa, ranar Asabar ya bi Baba gona. Bai ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, bai daina cin abincinta ba. Da wata antinsa ta fara kawo maganar Emilia mai waƙa a kwayar coci, wai ga ta malamar firamare ga ta kusa da gida, ya yi godiya ya ce yana da wadda yake jira. In netwok ya samu, Tamar kan kira shi minti biyu ko uku, ya fita bayan gida ya amsa don kar ya ɓata wa Mama rai.

Sai dai Mama tana da kunne. Wata rana tana zuba masa tuwo, ba ta dube shi ba ta ce, "Wurin nan da suke — suna samun ruwan sha?"

"Tanka ke kawo musu, Mama."

"Hmm."

Bayan kwana uku: "Mata nawa ne a cikinsu?"

"Su huɗu ne."

"Huɗu! Cikin maza ɗari nawa? Wa ke yi musu kitso?"

Justin ya danne dariya. "Junansu, Mama."

"Ni ba wai na damu ba ne. Tambaya ce kawai."

A watan Afrilu wayar Tamar ta daina shiga. Kwana ɗaya, biyu, biyar. Rediyon Baba ya ce an kai wa wani ayarin sojoji hari, ba a faɗi suna ko wuri ba. Justin ya rame a tsaye, yana rubutu a allo yana manta abin da ya rubuta. Ya jira Mama ta ce "ai na gaya maka," amma ba ta faɗa ba. Sai ya lura abincinta na komawa kicin ba a taɓa ba. Azumi take yi.

Rana ta tara, da safe yana ɗaura igiyar takalmi, baƙuwar lamba ta kira.

"Malam Justin? Sunana Hellen, tare muke aiki da Kofur Tamar. Tana da rai, ka kwantar da hankali! An kawo ta asibitin soja a Kaduna. Ta ji ciwo, amma tana magana."

Ya zube a kan kujera. Kafin ya ɗago, Mama ta riga ta ɗaura ɗankwali, tana cusa fulas cikin jaka.

"Me kake jira? Tashi mu je tasha!"

Sun isa Kaduna da rana tsaka, suka ajiye kaya a gidan ƙanwar Baba a Sabon Tasha, suka wuce asibiti. Hellen, wata gajeriyar soja mai fara'a, ta tare su a baranda, tana ba su labari suna tafiya.

"Motar gabanmu ce ta taka nakiya, Mama, sai harbi ta ko'ina. Mu duka muka kwanta. Ɗiyarki kuwa ta ja jiki ta je ta jawo mutum ɗaya, ta ɗaure shi. Ta koma ta jawo na biyu. Oga yana ihu ta tsaya, ina! A na huɗu ne abin ya same ta. Duka huɗun suna da rai."

Mama ba ta gyara kalmar "ɗiyarki" ba.

Tamar na kwance, kafaɗarta ta hagu a naɗe, hannun kuma an ɗaure shi har yatsu. Biyu daga cikin yatsun babu su. Da ta ga wadda ta shigo bayan Justin, ta yi yunƙurin tashi ta gaishe ta.

"Kwanta!" in ji Mama. Ta jawo kujera ta zauna dab da gadon. Ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta ce, "Ina da tambaya, kuma ki gaya mini gaskiya. Da kika fitar da na farko, kin tsira. Me ya sa kika koma? Ba ki tuna mamanki ba? Ba ki tuna wannan da ke tsaye kamar itace ba? Ko kuwa don na ƙi ki ne, kika ce rai ba shi da amfani?"

"A'a, Mama! Ko kaɗan!" Tamar ta girgiza kai. "Na tuna su. Har ke na tuna, na ce ban gama tsaga miki citta ba. Ina so in rayu kamar me! Amma wanda ke kwance a can yana kiran tasa maman, kuma ni ce mai bandeji. A lokacin nan mutum ba ya tuna faɗan gida, Mama. Ba don ya gaji da na gida yake komawa ba. Yana komawa ne don ya san yadda na gida za su ji in an bar nasu a can."

Mama Jacinta ta rufe baki da gefen zani, hawaye na bin yatsunta.

"Shekara talatin da uku," ta ce, "ina cewa bakina ne ya kashe shi. Ina cewa don na ce ba ni da ɗan'uwa ne ya jefar da ransa. Ashe ba haka ba ne. Ashe ko da na raka shi tasha da rawa, da sai ya koma ya ɗauko yaron nan."

"Da sai ya koma, Mama."

Mama ta sunkuya ta rungume kan Tamar a ƙirjinta, su biyun suna kuka, Hellen na kuka, Justin ya juya yana kallon taga yana jan hanci. Can Mama ta ɗago, ta buɗe fulas.

"Ki yafe ni, 'yata. Buɗe baki. Kunun tamba ne, yana mai da jini. Kai kuma Justin, ka tsaya nan kana kallona? Je ka nemo mata ruwan zafi!"

Sati uku Mama ta yi tana jinya, tana kwana a Sabon Tasha tana sammako asibiti. Da suka dawo gida, kafin a kai gaisuwa Kagoro, ta sa Baba Dickson ya raka ta Zangon Kataf, ta durƙusa gaban Malam Hashimu ta nemi gafara. Tsohon ya ce ba ta yi masa komai ba, suka wuni suna hirar Gershon, rabi kuka rabi dariya.

An ɗaura auren a Kagoro cikin watan Nuwamba, coci ya cika har waje, abokan aikin amarya sun jeru cikin kaki a bakin ƙofa. Tamar ba ta ajiye aiki ba. Saboda hannunta aka mai da ita sashen koyar da sababbin sojoji taimakon gaggawa a Kaduna, amma ta gaya wa kowa gaskiya: in an sake kiran ta daji, za ta tafi. Mama ta ji, ta haɗiye, ta ce, "Ubangiji ya kai ki ya dawo da ke." Tsoron bai bar ta ba. Ta dai daina barin sa ya yi mata mulki.

Wata Alhamis da Tamar ta zo hutu, Mama ta ja ta zuwa taron zumuntar mata, ta tsayar da ita gaban mata fiye da sittin.

"Ku ajiye littafin waƙa tukuna! Surukata za ta nuna mana yadda ake tsai da jini da ɗankwali da muciya. Mu da 'ya'yanmu ke faɗuwa a babur kullum, mazanmu na sare ƙafa a gona, sai ihu muka iya!"

Matan suka yi caa da tambayoyi. Wai da gaske a tsaye soja ke barci? Wai bindigar tana da nauyi kamar tulun ruwa? Wai ba ta jin tsoro?

"Ina ji sosai," in ji Tamar tana dariya. "Wanda ba ya jin tsoro ai ba jarumi ba ne, mahaukaci ne. Mama, kawo hannunki in nuna musu."

Mama Jacinta ta miƙa hannu tana taƙama, surukarta ta naɗa ɗankwalin da yatsu takwas, ta murɗa, ta ɗaure tam.

"Wayyo, a hankali, Kofur! Ni ba 'yar Boko Haram ba ce!"

Coci ya kaure da dariya.

Haka haƙurin Justin da Tamar ya kai su inda fushi ba zai taɓa kai su ba. Da ya yi wa uwarsa tawaye, da ya sami mata ya rasa albarka. Da ita kuma ta ajiye kiran da Allah ya yi mata don a so ta, da mutum huɗu ba su koma wurin iyayensu ba. In babba ya kafe a kan magana, kafin ka ce mugunta ce, ka nemi sanin inda ƙaya ta soke shi. Waɗanda kuma suka zaɓi kaki, su da iyayen da ke zaman jiransu a gida, kada mu bari sai an naɗe su da tuta sannan mu ce mun gode.